Tebur a Baibai

Maganar ta taso ne daga bakin mai gyaran keke, ta bi ta kan matar mai kanti, kafin ta iso kunnen Malama har ta yi ƙiba. Wai ƙanenta kafinta ya taɓu. Wai tun da aka tashe su daga shagon bakin titi ya kulle kansa a ɗakin bayan gida, yana haɗa teburin aiki, amma a baibai. Wai ya bi saman teburin ya huhhuje shi kamar rariya. Wai maƙwabci ya miƙa masa hannu, ya tsaya yana kallonsa kamar bai san amfanin hannu ba.

Malama ta ci ƙuruciyarta da tsufanta tana koyar da lissafi, kuma abin da aikin ya bar mata, ban da ciwon gwiwa, shi ne ba ta karɓar amsar da ba a nuna mata yadda aka same ta ba. Ta bar maganar a inda ta tsince ta. Sai da Dogo, ɗan kafintan na fari, ya zo da kansa ya zauna a gabanta, sannan ta ajiye ɗinkinta.

"Gwaggo, dabara ta ƙare mini," in ji shi. "Baba ya daina karɓar aiki. Ba ya ci da kowa. Jiya na leƙa ta taga na ga jini a tsumma. Mutum shi kaɗai da zarto da cizal, kai ba daidai ba? Na ɗauko mota, tana ƙofar gida. Zan kwashe kayan aikin, shi kuma ya dawo wajena."

"Wajenka a saman bene? Ya riƙa yin me, ƙirga motoci?"

"Ya huta mana."

"Mutumin da ko zazzaɓi yake yi sai ya sa an jingina shi kusa da katako? Ka raba shi da zarto, ka raba shi da numfashi. To ni me ya kawo ka wajena?"

"Ke kaɗai yake jin nauyinki. In kin ce a kwashe, ba zai ɗaga kai ba."

Ta san haka ne. Ta jawo mayafi.

"Mu je. In na ga abin da kuka gani, ni zan fara ɗaukar zarton in sa a mota. In ban gani ba, kai da direbanka ku kama gabanku."

Ɗakin yana can ƙarshen tsakar gida, bayan igiyar shanya. Dogo ya buga, shiru. Malama ta matsa ta ƙwanƙwasa da kan sandarta.

"Auta, buɗe."

Gemunsa ya yi fari fat, yana da jikoki, amma a bakinta har yau Auta ne. Aka ji motsi, aka zare sakata.

"Yaya, ke ce da hantsin nan? Da kin aiko ai da na zo."

"Ka zo ina? An ce ka haukace, na zo in gani kafin a fara jifanka."

Ya yi dariyar da ba ta wuce leɓe ba. Ya rusuna ya gaishe ta, hannunsa na dama cikin aljihun riga. Ya hango motar ta zaure, ya kalli ɗansa.

Teburin ya kusa cinye ɗakin. Ƙafafu kamar na giwa, sama mai kauri da aka jera katako gefe da gefe aka manne da gam. Malama ta zagaya shi a hankali, sassaƙen katako yana ƙara a ƙarƙashin takalminta. Babu ƙusa ko ɗaya. Kowace gaɓa an fafe mata rami an shigar da harshe, an soke da turken katako. Ta jingina sanda, ta sa hannu biyu ta girgiza. Ko gezau.

Amma ramukan suna nan yadda aka faɗa, layi-layi a saman tebur. Bayis kuwa, ƙarfen nan mai baki da ke matse katako, yana can a kusurwar dama.

"Kin gani ko, Gwaggo?" Dogo ya yi ƙasa da murya, kamar uban ba ya ɗakin. "A gidan kafinta na tashi. Bayis a hagu ake sa shi, tun duniya tana kwance. Baba da kansa ya taɓa korar ma'aikaci a kan haka. Yanzu ga shi nan. Ga kuma katako mai kyau ya mayar da shi gidan zuma."

"Wa ya ce a hagu ake sa shi?" in ji Malama.

"Haka ake yi."

"Ban tambaye ka yadda ake yi ba. Don me?"

Dogo ya sake duban bayis ɗin. A waje direba ya danna oda.

Malama ta juya kan ƙanenta. "Kai fa? Don me ka sa shi a nan?"

"Haka na ga dama."

"Ramukan fa?"

"Ado ne."

Auta bai taɓa yin ado a kayan aiki ba, mutumin da ko fenti yake gani ƙarya ne. Ko dai gaskiyar mutane ce? Ta tuna yadda mahaifiyarsu ta fara rikicewa, da ajiye takalmi cikin tukunya tana cewa haka ta ga dama. Ta dube shi sosai. Idonsa ba irin wancan ba ne. Wannan idon mai ɓoye abu ne, irin na ɗalibin da ya san amsa amma ya fi son a doke shi da ya faɗa.

Ta ɗauki guntun katako daga ƙasa, ta jawo sukwaya, ma'aunin kusurwa, da fensir, ta ja layi.

"Yanka mini nan."

"Yaya, ni za ki yi wa jarrabawa? A gaban yaro?"

"Yaron da ya zo da mota. Na yi masa alkawari, Auta. In ba ka yanka ba, kayan nan yau a mota za su kwana."

Ya daɗe yana kallon layin. Sannan ya matse katakon a bayis, ya zaro hannun dama daga aljihu ya kama zarto. Ya tsaya a karkace, jikinsa da teburin ba su jitu ba. Ya ɗora haƙoran zarton a kan layi. Zarton ya fara rawa. Ya cije leɓe ya tura. Ƙarfen ya yi tsalle ya bar layin, ya sauka a bayan ɗayan hannun da ke dafe da katako. Jini ya fito.

"Shi ke nan!" Dogo ya yi kansa. "Shi ke nan, Baba, ya isa! Ba ni zarton."

"Matsa," in ji Auta.

"Wallahi ba zan tsaya sai ka cire yatsa ba. Gwaggo, ki yi magana, kin dai gani!"

Ta gani, amma ba zarton take kallo ba. Hannun take kallo. Ya saki zarton, hannun bai daina kaɗawa ba, babban yatsa yana murza na kusa da shi kamar mai neman gishiri. Auta ya yi sauri ya mayar da shi aljihu, aljihun ma ya ɗauki rawa.

Dogo ya fara sauke kaya daga bango, yana zuba su a buhu. Guduma ta faɗa, cizal ya bi ta. Kowace ƙara sai kafaɗar tsohon ta motsa. Bai hana ba. Ita yake kallo, yana jiran hukunci.

Malama ta je ta tsaya inda ya tsaya. Ta miƙa hannun dama kamar za ta yi yanka, gwiwar hannunta ta bugi bango. Ta juya ta miƙa na hagu, sai ga fili har ƙarshen tebur, hasken taga yana sauka daidai kan layin. Ta duba ƙusoshin da aka rataye kaya, duk suna wajen da hannun hagu zai tarar da su ba tare da an juya ba. A wani kwano ta ga ƙananan turaku. Ta ɗauki ɗaya ta saka a rami, ya zauna ɗam. Ta saka wani, ta kwantar da katako tsakaninsu, ta tura shi. Ya ƙi motsi, kamar an dafe shi da hannu.

Sai wani abu ya dawo mata wanda babu mai rai da ya sani sai su biyu. Auta yana ɗan yaro, a ƙofar ɗaki yana sassaƙa mota da wuƙa, da hagu. Da ranar da aka kai shi koyon aiki ya dawo da hannun a kumbure, don maigidansa ya ce aikin bahago ba ya albarka, kuma ba a shagonsa ba. Tun daga lokacin ba ta sake ganin ƙarfe a hannun nan ba.

"Dogo, ajiye buhun nan."

"Gwaggo, kin yi alkawari."

"Na ce in na ga hauka. Ajiye." Ta ɗauki zarton ta miƙa wa ƙanenta ta ɓangaren hagu. "Auta, maigidan naka ƙashinsa ma ya zama ƙasa. Har yanzu tsoron sandarsa kake ji?"

"Yaya, ki bari."

"Ba zan bari ba."

"So nake in gama tukuna," ya ce. "In hannun hagun ya faɗa sosai, sannan in faɗa musu. In aka ji yanzu, wa zai sake kawo mini ko kujerar tsuguno? A ce kafinta hannu na rawa, ya koma hagu da furfura?"

"To ai ga shi ka yi shiru an ce kai ne ke rawa. Wanne ya fi? Karɓi."

Direba ya sake danna oda, wannan karon bai ɗaga hannu da wuri ba.

Auta ya goge jinin a riga. Ya karɓi zarton da hagu. Ya gyara tsayuwa, ƙafar dama a gaba, sai jikinsa da teburin suka zauna da juna. Hannun dama ya bar shi a aljihu, bayis ya riƙe masa katakon. Ya ja zarton baya sau ɗaya, a hankali, ya yi wa haƙora hanya. Sannan ya tura. Farkon yankan ya ɗan yi gardama. Daga nan zarton ya kama tafiya, garin katako yana zuba a kan ƙafarsa. Guntun ya faɗi ƙasa.

Dogo ne ya sunkuya ya ɗauka. Ya ɗora sukwaya a bakin yankan, ya ɗaga wajen taga. Haske bai ratsa ba. Ya juya shi ya sake gwadawa.

"Baba, yaushe ka iya wannan?"

"Kafin a haifi uwarka," in ji Malama. "Je ka sallami mai odar nan kafin ya tara mana unguwa. Ka ce ya dawo gobe ba buhu, asibiti za a kai babanka a duba hannun. Kayan nan kuma ka mayar da kowanne ƙusarsa."

Dogo ya fita. A ƙofar gida mutane sun riga sun taru, matar mai kanti a gaba, mai gyaran keke da sifana a hannu. Malama ta biyo baya tana dogara sanda.

"Malama, ya jikin nasa?" in ji matar mai kanti. "Gaskiya ne abin da ake faɗa?"

"Hankalinsa ƙalau," in ji Malama. "Hannunsa na dama ne ke rawa. Shi kuwa bahago aka haife shi. Teburin na hannun hagu ne."