Gurbi na Uku

Shekara ashirin da shida Malama Wasila ta yi tana koya wa matan unguwar Bololo rubutu a gindin dogonyaron tsakar gidanta, ba wani mahaluki daga hukuma da ya taɓa leƙowa ya ce mata sannu. Hausa take koya musu da baƙaƙen Larabci, wato ajami, yadda ta karɓa daga mahaifinta. Shi kuma ya karɓa ne daga nasa uban, wanda ya baro Katsina a ƙasa da niyyar Makka, tafiyar ta ƙare masa a nan bakin kogin Shari. Masu busasshen kifi, masu turaren wuta, masu ɗinki, da an yi la'asar za ka gan su baje a tabarma, kowacce da littafinta da bik ɗinta, wato biro.

Ana nan sai ga Abdulgani, ɗan ƙaninta marigayi, ya diro daga kan kilando, wato babur ɗin haya, da jaka a hammata. Wai yana aiki da wani kwamiti mai tsara wa ƙasa ilimi daga haihuwa har tsufa, haɗe da raya al'adu. Shekara uku ke nan suna tsarawa. Tsarin kuwa ba ya yiwuwa sai a otel mai sanyi, a yi zaman safe, a tashi shan shayi da gato, wato kek, a dawo a yi gardama a kan inda waƙafi zai zauna. Duk sun yi ƙiba, takardar ma ta yi ƙiba.

"Gwaggo, abin ya zo gidanki," in ji shi. "Za a shigar da irin ajinki cikin tsarin. Sufeto zai zo ya gwada ki. In ya amince, ke ce malamar cibiyar a hukumance, matanki kuma su samu takardar shaida mai hatimi."

Ta taɓe baki, ta ce to Allah ya kawo shi. Amma kada in ɓoye muku, ta so abin nan har cikin ranta. Ta gaji da ganin ana miƙa wa ɗalibanta tawada a ofis ana cewa su dangwala, kamar ba su taɓa riƙe alƙalami ba. Ta so a ce yau ga takarda ta fito ta ce Wasila malama ce.

Kafin ya tafi ya roƙa ta fito da kundin mahaifinta ya ɗauki hoto, wai suna neman abin al'ada da za su ɗora a bangon littafin tsarin. Ya buɗe, ya zaɓi shafin da ya fi ado da jan tawada, ya ɗauka da waya. Ta buɗe baki za ta yi magana, sai wayar ta yi ƙara, ya fice yana zuba Faransanci.

Ran Talata sufeto ya iso tare da Abdulgani. Ustaz Muttaka sunansa, dogo, da farar jallabiya da ta sha guga, da bik uku a aljihu. Wasila na ganinsa ta gane jinin gidan su wa ne, don kakarsa da Hausa ta yi tallar ƙosai a unguwar Faris-Kongo har ta rasu. Ta gaishe shi da Hausa. Ya amsa da Larabci, yana kallon dogonyaro.

Mata ashirin da uku sun hallara, sun sha lalle da turare kamar ranar suna. Rahma mai kifi ce a gaba. Shekara bakwai take zuwa, ita ce hannunta ya fi na kowa kyau, har ita ke rubuta wa maƙwabta wasiƙa zuwa danginsu a Maiduguri da Damagaram.

Ustaz ya miƙa wa Wasila farar takarda, ya ce ta rubuta jimla ɗaya. Ta gyara tabarau, ta rubuta: "Muna yi wa baƙonmu barka da zuwa, Allah ya sa ya zo da alheri." Ta sa kowane wasali a mazauninsa.

Ya karɓa, ya zaro jan bik. Ya ja layi a ƙarƙashin kalma ta farko, ya ja a ta biyu. Da ya kai ta huɗu sai ya girgiza kai, irin na likitan da aka kawo wa mara lafiya a makare.

"Hajiya, kalma ɗaya ce daidai a nan, sunan Allah. Sauran ba su cikin Larabci."

"Ai ba Larabci ba ne, ɗana. Hausa ce."

"Haruffan na Larabci ne."

"Tukunyar da kakarka ta soya ƙosai a ciki ma daga Faransa ta zo. Ƙosan bai zama na Faransa ba."

Wata daga baya ta ƙyalƙyale, ta toshe baki da gyale. Ustaz bai yi dariya ba. Ya buɗe jaka ya fito da fom, ya nuna mata da gindin bik. Gurbi uku ne a ciki: mai rubuta Faransanci, mai rubuta Larabci, sai na uku, wanda bai iya ko ɗaya ba.

Ta ce Alƙur'ani ta sauke shi tun kafin a haifi uwarsa, amma ba za ta yi masa ƙaryar nahawu ba, ita ajami take koyarwa. Ya ce to ajami ba shi da gurbi. Ta juya wajen Abdulgani. Kai, yaron nan! Takalminsa ya tsura wa ido kamar ranar ya fara ganinsa. Can ya ce, "Gwaggo, an riga an amince da fom ɗin a zama na goma sha ɗaya. Ba a taɓa shi."

Ustaz ya sa alama a gurbi na uku. Don ya sanyaya mata rai, ya ciro sabon littafin tsarin ya ba ta kyauta, mai sheƙi, mai nauyin bulo. Ya buga bangon da yatsa, ya ce ta ga yadda suka girmama al'ada, ga hikimar magabata nan sun sa a gaba. Ta duba. Rubutun mahaifinta ne, shafin maganin basir, da yadda ake jiƙa sassaƙen da yadda ake zama a ciki. Ta miƙa wa Rahma, Rahma ta karanta ta miƙa wa ta kusa. Littafin ya zaga tabarma kaf, mata ashirin da uku suka karanta bangon tsarin ilimin ƙasa, mazan biyu da suka kawo shi suna tsaye suna murmushi.

Bayan mako biyu Abdulgani ya dawo da sakamako. Albishir, in ji shi, an amince da cibiyar. Za a turo wata yarinya mai takardar bak, wato ta gama sakandare, ta riƙa koyar da Faransanci a gidan. Ga jerin ɗalibai ashirin da huɗu, kuma don girmamawa sunan Gwaggo aka sa a farko.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ya ninke takardar ya mai da ita inda ya ciro ta, ya gaya wa kwamitinsa gidanta ba haya take bayarwa ba. Ya ce to sai dai a kai cibiyar wani gida a unguwar. Ta ce su kai ta can Tukra bayan gari ma in sun so.

Washegari da la'asar ta shimfiɗa tabarmi kamar kullum. Mata shida suka zo. Ran Asabar biyu. Ran Litinin ta zauna ita kaɗai har inuwa ta kai bakin randa, sannan aka yi sallama. Rahma ce, da ƙullin kifi a hannu.

Ta durƙusa ta yi gaisuwa mai tsawo, har ta tambayi lafiyar kaji. Daga ƙarshe dai ta fito da ita. "Malama, ki yi haƙuri. An ce nan gaba takardar shaidar nan za ta yi amfani ko wajen neman rumfa a kasuwa. Mun je sabuwar cibiyar mun yi rajista, amma wallahi zan riƙa zuwa nan ɗin ma."

"Ba laifi," in ji Wasila, ko da yake zuciyarta ta yi ɗaci. "Ke dai na san kin ba su kunya. Da suka ga hannunki me suka ce?"

Rahma ta miƙo ƙullin kifin da hannu biyu, tana ƙoƙarin lanƙwashe babban yatsanta na dama a ƙarƙashinsa. Wasila ta kama hannun ta juya shi. Yatsan ya yi shuɗi da tawada har gefen farce, an goge shi da sabulu bai fita ba.

"Layin da tsawo, Malama," in ji Rahma a hankali. "Ba su ba kowa bik ba."