Bulala Uku a Kan Triglav

Shekara arba'in Zdravko yana cika mana kunne da labarin yadda ya hau Triglav, dutse mafi tsawo a ƙasarmu, yana saurayi. A wajenmu wanda bai taɓa taka ƙololuwar dutsen nan ba ba shi da bakin magana a cikin mutane, shi kuwa bakinsa ya fi na kowa. Har cewa yake su goma suka kwana a cikin hasumiyar ƙarfen da ke can sama.

Bana muka tashi hawan dutsen mu uku. Ranar farko, mun baro kwarin Bohinj da awa biyar, abokinmu Lojze ya yi gaba da ƙatuwar jakarsa, sai Zdravko ya zube a kan wani dutse yana murza gwiwa.

"Darinka, ki rufa mini asiri. Ban taɓa kaiwa sama ba. A siririyar hanyar ƙarshe tsoro ya kama ni, na juya."

"Kai, Zdravko! Shekara arba'in?"

"Da kaka za a yi wa gwiwar nan aiki. Daga nan ni da dutse sai kallo. In ban hau yanzu ba, da ƙaryata za a binne ni."

Raina ya ɓaci ƙwarai, don babu irin dariyar da bai yi mini ba lokacin hawana na farko. Duk da haka na kwashe rabin kayansa na cusa a jakata, na ce ya tashi kafin in canza shawara.

Rana ta biyu ruwan sama ya yi mana dukan kawo wuƙa tun daga tafkunan da ke kan hanya har masaukin mahawa. Gwiwar ta kumbura kamar ƙwarya. Muna shan miyar wake da kabeji Lojze ya fara tsokana.

"Gwani na gwanaye, yau kai ne a baya? Ko ka manta hanya?"

"Rufe mini baki, tsohon banza. Na hau dutsen nan kana tsotson yatsa."

Na hango igiyar hawa a jakar Lojze, na ce me zai yi da wannan nauyi, alhali an kafa waya a duk inda hanya ta yi haɗari. Ya ce kayansa ne, kuma ba a bayana suke ba.

Da safe muka iso siririyar hanyar: rami a dama, rami a hagu, sai waya da turakun ƙarfe. Zdravko ya ƙanƙame wayar ya ƙame.

"Nan ne," ya ce mini ƙasa-ƙasa.

"To ka kwana nan. Ni dai ban ɗauko maka kaya kwana biyu don ka yi mini tsayuwar gunki ba. Kalli takalmina kawai. Inda na cire ƙafa, sa taka."

Ya zage ni, ya ɗaga ƙafa. Awa ɗaya da rabi muka yi yana zagina ina ramawa, har hasumiyar ta bayyana a gabanmu.

A sama mun tarar ana yi wa wasu 'yan mata biyu abin da ake yi wa duk mai hawan farko: ya sunkuya a zuba masa igiya sau uku a mazaunai, kowa na shewa. Na ɗauke kai. Zdravko dai yanzu ya hau, in ya yi shiru asirinsa ya rufu, ni kuwa ba zan tona ba.

Zdravko ya daɗe yana kallon hasumiyar. Sai ya ɗingisa ya je ya dafa ta, ya sunkuya.

"Lojze, zo ka ba ni nawa. Yau ne farko."

Lojze bai ko yi mamaki ba. Ya zaro igiyar, ya ninka ta a hankali.

"Mutum goma a cikin wannan gwangwanin? Huɗu ma sai sun matsu, sakarai. Ka ɗauka don wa na yi kwana uku ina dakon wannan?"

Bulala ta farko Zdravko ya yi ihu, ta biyu ya yi dariya. Ta uku kuwa bai ɗago ba, kafaɗunsa na girgiza, ni ma na kasa riƙe hawayena.

Lojze ya dafa bayansa ya ce, "Tashi, malam. Yanzu ka je ka cika mana kunne, za mu saurara."