Wacce Ce 'Yarka?

Alhaji Issoufou mutumin kirki ne, sai dai Allah ya jarrabce shi da tsoron bakin mutane. Yana da shagon atamfa da turare can ƙasar waje, a unguwar Parkchester ta yankin Bronx, yana kuma da 'ya, Firdaoussi, wadda tun tana ƙarama take cewa likita za ta zama. A ƙasar nan kuwa, kafin makarantar likitanci ta dube ka, sai ka yi wasu darussan kimiyya, sannan malaman da suka koyar da kai su ba da shaida a kanka.

Firdaoussi ta fara nata a ƙaramar kwalejin unguwa, irin wadda ake gamawa cikin shekara biyu. Ajin bai fi falon gida ba. Malamarsu Misis Ortiz ba ta barin ɗalibi ya ɓuya, in ka yi shiru sai ta zo ta tsaya a kanka har ka buɗe baki. Yarinya ta yi ta cin jarrabawa kamar da wasa.

Sai aka yi wani suna a unguwar Stapleton, can tsallaken ruwa. Bayan an shafa fatiha an kawo shinkafa, dattawa suka shiga abin da suka saba, wato tambayar karatun 'ya'ya. Mukhtari, ma'aikacin wani ofishin jakadanci, ya ce nasa yana jami'a, ya ja sunanta a hankali don kowa ya ji. Da Alhaji ya faɗi inda tasa take, Mukhtari ya gyara zaman hularsa.

"Community college? Ayya. To, Allah ya sa albarka. Amma fa medical school ba sa kallon na can da daraja, Alhaji."

Mutumin nan ko allura bai taɓa yi wa kowa ba. Duk da haka maganarsa ta bi Alhaji cikin jirgin ruwa, ta bi shi har gida.

"Baba, I'm doing well there," in ji Firdaoussi. "Ana karɓar na can ma in makin ya yi kyau."

"Non," ya ce da Faransanci. "Université za ki. Manyan farfesoshi ne za su koyar da 'yata."

Haka ta koma jami'a, don a gidansu ba a jayayya da babba.

A jami'a ɗakin karatun ya yi girman masallacin Juma'a, farfesan yana can ƙasa da lasifika. Kowane mako yana ware lokaci ya zauna a ofis don masu tambaya, 'ya'yan mutane kuma suna ta shiga suna zuba masa surutu har ya haddace fuskokinsu. Ita kuwa tarbiyyar da aka yi mata ke nan: ba a tsare babba da ido, ba a damunsa da tambaya, ba a shiga wurin namiji ke kaɗai. Ta taɓa zuwa har bakin ƙofar, ta juyo. Makinta ya sauka, amma ta tsallake. Da lokacin neman shiga makarantar likitanci ya zo, ta roƙi shaidar farfesan ta kwamfuta, shiru.

Alhaji ya ce kuskuren nata ne, ai babban mutum ba a aika masa yaro. A garinsu Maraɗi uba ne ke zuwa da ƙafarsa. Ya saka shaddarsa ta Juma'a, ya ɗauki kwalbar turare mafi kyau a shagon, ya ce ta wuce gaba.

Farfesan ya karɓe su hannu bibbiyu, har da ba da kujera. Alhaji ya yi doguwar gaisuwa da Turancin kasuwa, ya gode masa bisa riƙe masa 'ya. Farfesan ya yi murmushi, ya dubi Firdaoussi da ke tsaye a bayan uban.

"Ke ce mai fassara? Tambayar min shi, wacce ce 'yarsa?"

Zango biyu ta yi a ajinsa. Alhaji bai buƙaci fassara ba.

Farfesan ya ji kunya, ya ba da haƙuri. Ya ce gaskiya abin da zai iya rubutawa kawai shi ne ta zauna a ajinsa ta ci jarrabawa, kuma irin wannan shaida ba ta shigar da kowa ko'ina. Turaren ma ya ce doka ta hana shi karɓa.

A cikin jirgin ƙasa mai lamba shida Alhaji ya zauna da kwalbar a cinya. Baƙin ciki ya cika shi, ya kasa kallon 'yarsa. Da suka shiga Bronx ya tambaye ta.

"Ita waccan malamar taki ta farko, ba za ta rubuta miki ba?"

"Ta yi ritaya, Baba, ta bar gari. Kafin ta tafi ta yi ta nemana, ban je ba."

"Don me, 'yar nan?"

"Za ta tambaye ni dalilin da ya sa na tafi. Ni kuma ban san shi ba."

Alhaji ya san dalilin sarai. Har suka sauka a Parkchester bai iya faɗa mata ba.