Sai An Tambayi Baba

Likita ta tara iyalin Baba a ƙaramin ɗakin da ke ƙarshen baranda, mai kujeru shida da fanka mai ƙugi. Ta yi bayani a tsanake: yau kwana goma sha tara na'ura ke yi wa Baba numfashi, ƙodarsa ta tsaya, kuma ba zai farfaɗo ba. Ya rage ga iyali su faɗa, a ci gaba ko a cire na'urar ya huta.

Idanu suka koma kan Yaya Babba. Shekarunsa hamsin da takwas, har da jikoki, amma ko fentin ɗakinsa bai taɓa zaɓa da kansa ba. Tsarin gidansu ɗaya ne: a kai wa Baba magana, ya shiga ɗaki ya yi nazari, ya fito da hukunci.

"Mun ji, likita," in ji shi. "Sai mun tambayi Baba."

"Baban da ke kwance?"

"Muna da wani ne?"

Suka jeru a bakin gadon. Yaya Babba ya cire takalmi, ya durƙusa, ya yi gaisuwa, ya jera bayani daki-daki. Sannan aka jira. Na'ura na ta hura iska.

"Ya yarda," in ji Auta. "Da na nemi tafiya karatu shiru ya yi, kuma na tafi."

"Ke dai 'yar lele ce," in ji Kawu, ƙanen Baba. "Ni da na nemi aron motarsa shiru ya yi, har ta tsufa ban taɓa sitiyarinta ba."

Wani abu ya yi ƙara sau biyu. Kawu ya ce biyu a'a ke nan. Nas ta ce ƙarin ruwa ne ya ƙare.

Gumi ya jiƙa wuyan rigar Yaya Babba. Likita na kallonsa da biro a hannu.

Mama ta miƙe.

"Kun cika masa kunne. Yaushe ya taɓa yanke magana a gaban jama'a? Ku ba mu wuri."

Suka fita. Ta gilashin ƙofa Yaya Babba ya ga ta zauna, ta goge masa goshi da bakin mayafinta, ta riƙe hannunsa. Bakinta bai ko motsa ba. Sai a lokacin ya tuna, duk ɗakin da Baba ke shiga nazari, Mama na ciki tana ninke kaya.

Ta fito idonta jawur.

"Babanku ya ce ya gaji. A cire."

Kawu ya gyaɗa kai. "Ai na san haka zai ce."

Likita ta miƙo takarda. Yaya Babba ya karɓi biron, ya matsa kusa da mahaifiyarsa, ya rage murya.

"Mama, ta yaya ya faɗa?"

"Yadda ya saba. Sa hannu, kada ka bar shi yana jira."