Abin da Inusa Ya Binne a Jiratawa

Ranar da aka yi wa Tsahara aiki a asibitin Maraɗi aka cire mata mahaifa saboda sankara, ma'aikaciya ta miƙa wa mijinta Inusa wani ɗan bokitin roba mai murfi da takarda. Ta ce ya sa a mota a kai labo, ɗakin gwaji, a Yamai.

Sai da ya isa gida Jiratawa ya buɗe. Abu ne da bai fi mangwaro ba, yana kwance cikin ruwa mai yaji a ido. Inusa ya daɗe yana kallo, yana mamakin yadda 'ya'ya bakwai suka zauna a ɗaki ƙarami haka. Ransa bai ba shi ya cusa jikin matarsa tsakanin buhunan albasa a motar Yamai ba, baƙi su yi ta juya shi. Cuta dai an fitar da ita, sauran kuma aikin takarda ne. Ya zubar da ruwan, ya wanke naman, ya naɗe da farin ƙyalle, ya binne a bayan ɗaki, inda aka binne mabiyiyar kowane ɗa nasu.

Bayan sati uku shi da Tsahara suka koma asibiti. Likita Nafisa ta nemi sakamako, Inusa ya faɗa mata abin da ya yi, har da ɗan alfahari. Ta ajiye alƙalami.

Sannan ta yi bayani a hankali. Sankarar cikin mahaifa ba iri ɗaya ba ce. Wata in an cire shi ke nan, wata takan dawo. A jikin naman ake karanta alamun: zurfin da ta ci, kamannin ƙwayoyinta, ko ta fara bin jijiya.

Inusa ya miƙe tsaye, ya ce yanzu zai hau kabu-kabu ya tono.

Likita ta ce, "Baba, sati uku a ƙasa. Ba abin da ya rage da za a karanta."

Tunda ba a sani ba, in ji ta, shawararta a ɗauke ta a matsayin mai dawowa: ƙarin ruwa shida na magani mai zubar da gashi da sa amai, wanda wataƙila Tsahara ba ta ma buƙata.

Inusa ya koma ya zauna. Tsahara, wadda sai yau ta ji labarin bokitin, ta juyo ta dube shi.

"Malam, ai nawa ne. Da ka tambaye ni."

Ta gyara lulluɓinta, ta tambayi likita wace rana za a fara.