Hoton da Muka Kai Banki

Ni na ce a kai wannan hoton, kuma da ƙarfi na faɗa, saboda haka ba ni da wanda zan ɗora wa laifi.

Bayan rasuwar Baba, sabon manajan banki ya zo gida ya yi mana gaisuwa, ya ce suna so su rataya hoton marigayi a zauren banki. Baba ne ya buɗe reshen garinmu bayan ya bar soja, shi ya riƙe shi har ya yi ritaya. Ya haura tasa'in kafin ya rasu. Rabin tsofaffin garin nan a gabansa suka koyi sa hannu a takarda, yana tsaye a kansu da tabaransa a ƙarshen hanci, yana cewa, "Sake, wannan ai tafiyar kaza ce."

Auta, ƙanwarmu ta ƙarshe, ta kawo wani hoto mai kala, Baba a kujera jikoki sun yanyame shi. Na ce sam. Na nuna wanda ke rataye a falo, saman kujerarsa, tun kafin mu yi wayo: saurayi cikin kaki, hula a karkace, yana dariya har da haƙora.

"Yaya, mutane ba su san shi a haka ba," in ji Auta.

"To yanzu sai su san shi. Ke me kika sani? Ina goge wa Baba takalmi ko haihuwarki ba a yi ba."

Ni ne babba, kuma na saba in na ɗaga murya a bar mini. Umma kuwa na ce kada a dame ta da wannan, ta ji da abin da ke damunta. Na kai hoton wurin mai hoto aka ƙara masa girma, aka yi masa firam mai ruwan zinariya, aka rubuta sunan Baba a ƙasa.

Gaskiya, Baba bai taɓa ba mu labarin yaƙi ba. In ka tambaya sai ya ƙara muryar rediyo. Muka daina tambaya. Amma hoton nan shi da kansa yake goge shi da hankici, ko Umma ba ta taɓa shi.

Ranar taron, bayan an rufe wa jama'a ƙofa da yamma, aka jera kujerun roba a gaban kantar biyan kuɗi. Kashiyoyi suka tsaya a baya da laktaye a wuya, tsofaffin 'yan kasuwa suka cika gaba. An lulluɓe hoton da farin ƙyalle. Na tashi na yi jawabi mai tsawo, na kawo gaskiyar Baba, na kawo yadda bai taɓa makara ba, na kawo 'ya'ya da jikoki. Na so kowa ya tafi yana cewa wannan ɗan ya san ubansa. Da na ja ƙyallen sai na ce, "Ku dubi wannan fuskar. Duk wanda ya san mahaifina ya san wannan idon."

Aka yi tafi. Har wani mai shago ya share hawaye.

A gefe akwai wani tsoho a keken guragu, 'yarsa ta turo shi. Saje muke ce masa, tare suka yi soja da Baba. Ya yafito 'yar ta matsar da shi kusa da bango. Ya daɗe yana kallo. Saje kunnensa ya yi nauyi, shi ya sa in zai yi raɗa ma har bakin titi ake ji.

"Ɗana, wa ya zaɓo wannan?"

"Ni ne, Baba Saje."

"To ai wannan ba ubanka ba ne."

Na yi 'yar dariya, na sunkuya na ce masa hoton ƙuruciya ne.

"Na san ƙuruciyarsa, a tanti ɗaya muka kwana! Yaushe ubanka ya taɓa washe baki haka? Shi ne dai ya riƙe kyamarar. Wannan amininsa ne, kofur ɗinmu. Shi bai dawo daga yaƙin ba. Ubanka ne ya goyo shi a baya har sansani, bai yarda cewa ya mutu ba sai da likita ya faɗa masa."

Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, ina tsaye da ƙyalle a hannu, da furfura a gemuna, gaban mutanen da na gama yi wa bayanin ubana. Manaja ya yi ta maza, ya ce ai kuskure ne, za a gyara, a zo a sha lemo. Da Auta ta yi mini gori da na samu sauƙi. Sai ta zo ta karɓi ƙyallen daga hannuna ta ninke.

Na sauke hoton da kaina, na sa a bayan mota, na nufi gida. Umma na zaune a bakin gado. Na jingina firam ɗin a gabanta. Ta dubi fuskar, ta dubi sunan da ke ƙasa, ta ɗago ta dube ni.

"Wannan kuka kai?"

"Umma, don me ba wanda ya taɓa faɗa mana?"

"Wa ya tambaya? Kun girma kuna wucewa ta gabansa safe da yamma. Shi kuma babanku ya sha ce mini, ranar da ɗayanku ya tsaya ya ce wane ne wannan, zai zaunar da shi ya ba shi labarin duka."

Na zauna a ƙasa. Na ce, "To wane ne? Mene ne sunansa?"

Ta sa gefen mayafinta ta goge gilashin a hankali.

"Sunanka," ta ce. "Sunansa aka sa maka."