Rijiyar Nei Tebora

Wata guda Nei Tebora ta share tana saƙa tabarmar da jikarta za ta kwanta a kai. A zuriyarsu jikar fari ta kaka ce, da an yaye ta sai a kawo. Tun rasuwar mijinta take jiran wannan rana, don kaɗaici ya ishe ta a tsibirin Beru.

Jirgin ruwa ya sauke 'yarta Ruta daga birnin Tarawa, da ƙaramar Aroita a kafaɗa. Aka ci kifi da gwaza, tsohuwa ta ɗebo ruwan rijiya a ɓawon kwakwa ta miƙa wa jika. Aroita ta kurɓa, ta yamutsa fuska, ta tofar.

"Ji 'yar birni," in ji tsohuwa tana dariya. "Za ki saba, don ƙaniyarki."

Ruta ta karɓa ta ɗanɗana. Ita ba ta yi dariya ba.

"Inna, wannan ai teku kike sha."

"Rijiyar da ta raine ki ce yau kike wa tsiya?"

"Da na tafi ba haka take ba."

Gaskiyar Ruta ce. Teku ya daɗe yana kutsawa ta ƙarƙashin ƙasa kaɗan-kaɗan, harshen tsohuwa yana bin sa bai sani ba. Ta saba da fari, ta saba da bushewar gwaza, har tana alfahari da hakan. An ce sabo turken wawa, amma masu haƙuri ma yana ɗaure su.

"Yarinya taki ce, Inna, ban isa in hana ki ba," in ji Ruta. Sai ta miƙa mata gorar ruwan saman da ta yi guzuri.

Nei Tebora ta kurɓa don ta samu abin kushewa. Ta riƙe ruwan a baki ta kasa haɗiyewa. Ɗanɗanon rijiyarta ne sak, lokacin da aka kawo ta amarya. Tsoro ya kama ta, da ta tuna ruwan da ta miƙa wa 'yar yaye.

Ranar da jirgi zai koma, da kanta ta naɗe tabarmar, ta saɓa jikar a kafaɗa har bakin teku.

"Ke fa, Inna? Ki biyo mu mana."

Tsohuwa ta gyara wa Aroita riga, ta miƙa ta ga Ruta.

"Ni na saba," ta ce. "Ita ce ba na so ta saba."